Sanarwa kan magudanan ruwa da gayyar ranar Asabar

Salam ƴan uwa manoman rani, barkanmu da warhaka. Jiya na zaga gonakin bakin kanal ta wajen Kadawa, wlh abin da na gani bai min daɗi ba, ruwa kwance a fangali kwana da kwanaki, ƙasa ta fara fitar da farin nan kamar an barbaɗa kanwa, tumatur ɗin wani bawan Allah duk ya yi rawaya shi kuma sai ƙara masa takin yuriya yake. Malam ba yunwar taki ba ce, gishiri ne ya taso saboda magudanan sun toshe da ciyawar kachala, ruwan dam ɗin Tiga na shiga amma ba hanyar fita.

Don haka ranar Asabar bayan asuba akwai gayyar yashe magudana, kowa ya zo da shebur da lauje.

Masu ƙona bayan shinkafa don Allah a bari, a ba dabbobi ko a mayar gona da takin gida. Inda ruwa ke cin gefen gona kuma a dasa ciyawar jema, saiwarta na riƙe ƙasa sosai, ina da ita ga mai so.