Yatsu biyu na Tony Iommi da yaron shagona

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Ni mai walda ne a nan Damagaram, shekarata 26 ina haɗa ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe. Maganar da ta kawo ni kuwa ta wani Bature ce makaɗin jita, wanda ko kiɗansa ba ya yi mini daɗi. Na san za a ce me ya haɗa kifi da kaska. A bi ni a hankali.

Bara da bazara aka ba mu aikin wata babbar ƙofar gida, mai ita yana ta aiko mana saboda bikin ɗiyarsa ya matso. Ranar nan wuta ta tafi tun hantsi, ba ta dawo ba sai bayan la'asar. Duk wanda ya san sana'armu ya san yadda shago ke rikicewa in wuta ta dawo, kowa hannu na rawa, kamar mata a bakin famfo ranar da ruwa ya zo bayan kwana uku. Babban yarona mai yanka ya tafi Mirriya gaisuwar mutuwa, sai na ce da ƙaraminsu, ɗan shekara 16 da bai cika wata takwas a wurina ba, ya ɗauki injin yanka ya datse mini bututu huɗu. Injin ba shi da marfin kariya. Ni na kwance marfin da hannuna tun da daɗewa, don faifan yankan da na samu da araha ya fi shi faɗi. Faifan ya cije a cikin ƙarfe, injin ya yi tsalle, ya tafi da kawunan yatsu biyu na hannunsa na hagu. Yaron bai yi ihu ba. Ya naɗe hannun da bakin rigarsa, ya dube ni ya ce, "Maigida, ban gama na ukun ba."

Na ɗora shi a kabu-kabu muka tafi asibiti, na biya ɗinki da magani, na kai wa mahaifiyarsa jikka 30. Daga nan sai na ɗauke ƙafa. Mako biyar ban taka gidansu ba. Duk wanda ya zo jaje sai ya ce mini ƙaddara ce, ni ma in amsa da ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, amma na san hannun da ya kwance marfin nan. Labari ya riƙa iso ni cewa yaron ya koma zaman fada, yana shan shayi hannu a aljihu, baffansa kuma ya yanke cewa sana'ar hannu ta ƙare masa, a nema masa tallar ruwan leda a tasha.

Ana nan wani dare ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a jami'a nan Zinder, ya shigo mini da waya a hannu. Ya ce, "Kawu, ba kiɗan nake so ka ji ba, dubi yatsun mutumin nan." Wani dattijo ne cikin baƙaƙen kaya, bahago, yana kaɗa jita, ƙara kamar ana jan kwano a kan dutse. Da aka matso da hoton sai na ga yatsunsa biyu na hannun dama, na tsakiya da mai bi masa, sanye da wasu ƴan huluna. Muka raba dare yana karanto mini tarihinsa yana juya mini da Hausa, ni ina ta jefa tambaya.

Sunansa Tony Iommi. An haife shi ranar 19 ga Fabrairu 1948 a Birmingham, garin masana'antu da maƙera a tsakiyar Ingila, iyayensa kuma tsatson Italiya ne. Abin da ya fara kama ni shi ne, kafin duniya ta san shi abokin sana'ata ne. Walda yake yi da rana a wata masana'antar sarrafa fallayen ƙarfe, da dare ya tafi kiɗa. Yana ɗan shekara 17 ya samu wata ƙungiya da za ta tafi da shi wasa a ƙasashen Turai, sai ya shirya barin aiki. Ranarsa ta ƙarshe ya je gida cin abincin rana ya ce ba zai koma ba, mahaifiyarsa ta ce ya koma ya ƙarasa yininsa yadda ya kamata. Matar da ke aiki a kan babban injin da ke danne ƙarfe ba ta zo ba ranar, aka tsayar da shi a gurbinta, a kan injin da bai saba da shi ba. Injin ya sauko masa a hannu, ya fizge, kawunan yatsu biyu suka tsaya a ciki. Da yake bahago ne, hannun daman nan shi ne mai danna tsirkiya a wuyan jita. A asibiti aka ce masa ya manta da kiɗa.

A nan na ce wa ɗan ƙanwata ya dakata. Na fita tsakar gida na ɗan sha iska, sannan na dawo.

Wanda ya bi Iommi har gida ya same shi cikin baƙin ciki, shugabansa ne na wurin aiki. Ya je masa da faifan garmaho, ya matsa masa sai ya saurara. Da ya gama ji, ya ce masa mai wannan kiɗan da yatsu biyu yake danna tsirkiya. Django Reinhardt ke nan, haifaffen Beljiyam, wanda gobara ta shanye wa yatsu biyu na hagu a 1928, kuma bai fasa zama gwanin gwanaye ba.

Abin da Iommi ya yi bayan haka shi ne ya sa na ce lallai wannan ya zauna a shagon ƙarfe. In ya taɓa tsirkiya da dungulmin yatsan, zafi yake ji har ƙwaƙwalwa. Sai ya samo robar sabulun wanke kwanuka, ya narkar da ita ta dunƙule, ya ɗauki ƙarfen dalma mai zafi ya huda rami daidai kaurin yatsansa, ya zauna yana gurzawa har ta yi siffar kan yatsa. Ya gwada, roba ta riƙa zamewa daga kan tsirkiya. Ya yanko fata daga wata tsohuwar rigar sanyi ya manna a kai, sai ta kama. Matsala ta biyu, tsirkiyar jita ta zamanin tana da kauri, lanƙwasa ta sai da ƙarfin yatsa, shi kuwa ba shi da shi. Ya ɗebo sirara daga banjo, wata ƴar'uwar gurmi da Amurkawa ke kaɗawa, ya gauraya da nasa. Ta uku kuma ba ta da magani: ta cikin hular nan ba ya jin abin da yake taɓawa, dole kunne ya karɓi aikin da fatar yatsa ke yi. Ni da na san yadda mai walda ke gane ƙarfe ya haɗu tun daga ƙarar wutar kafin ya ɗaga gilashi, wannan bai ba ni mamaki ba.

A 1968 ya haɗu da wasu samari uku ƴan garinsu, Ozzy Osbourne mai waƙa, Geezer Butler mai jita mai kaurin murya, da Bill Ward mai ganga. A ƙarshen shekarar ya ɗan leƙa wata ƙungiya da ta riga su suna, Jethro Tull, bai jima ba ya dawo wa abokansa, amma ya dawo da darasi guda: a fara gwaji tun da safe kamar ma'aikata, ba sai an tashi barci da azahar ba. A 1969 suka raɗa wa kansu Black Sabbath. Faifansu na farko a yini guda suka naɗe shi, ya fito ranar 13 ga Fabrairu 1970, na biyun kuma ya biyo baya cikin shekarar ya hau kan gaba a kasuwar Ingila. A na ukunsu, na 1971, ya sassauta tsirkiyoyin sosai don yatsun su huta, sai muryar jitar ta sauko ƙasa, ta yi nauyi kamar rugugin hadari in ya taso daga gabas. Wannan sautin ne dubban makaɗa suka bi, ake ce masa heavy metal, wato ƙarfe mai nauyi. Sunan ya ba ni dariya. Yaro ya gudu daga ƙarfe, ƙarfe ya bi shi har cikin suna.

Sauran tarihin irin na ƴan kiɗa ne. Kuɗi ya shigo, giya da hodar iblis suka shigo tare da shi, shi kansa Iommi bai ɓoye nasa rabon ba a littafin rayuwarsa da ya fitar a 2011. A 1979 suka sallami Ozzy, Ronnie James Dio ya karɓi waƙa, bayansa mawaƙa suka yi ta shiga da fita, Iommi kaɗai ne bai taɓa barin ƙungiyar ba. A farkon 2012 aka gano yana da ciwon daji, yana zuwa karɓar magani yana komawa naɗar faifai, faifan ya fito a 2013 ya zo na ɗaya a Ingila da Amurka. Sun rufe yawon wasanninsu a Birmingham cikin Fabrairu 2017. Ranar 5 ga Yuli 2025 su huɗun na asali suka sake hawa dandamali a filin ƙwallo na Villa Park, kwana 17 bayan haka Ozzy ya mutu. Shekara 60 ke nan tsakanin injin nan da wannan dandamali, kuma da hulunan yatsa ya hau.

Kada wani ya ce mai walda ya tsufa ya koma tallar kiɗan Turawa. Sunan ƙungiyar daga wani fim ɗin ban tsoro suka ɗauko shi, hotunansu da shigarsu ba abin da zan so in gani a ɗakin ɗana ba ne, kunnena kuma na gurmin marigayi Mamman Barka ne. Dabarar talaka ma ba sai mun je Ingila aro ba. Ga Mdou Moctar ɗan ƙasarmu, shi ma bahago, da wayar birkin keke ya ɗaura jitarsa ta farko, yau yana cika dandali a Amurka da Turai. Ni abin da ya hana ni barci a labarin nan ba makaɗin ba ne, shugaban nan ne da ya ɗauki ƙafa ya je gida.

Washegari bayan azahar na je. Mahaifiyar yaron ta amsa sallamata daga bayan labule, ta ce, "Maigida, ashe kana gari?" Ban sami abin cewa ba. Na zauna da yaron a zaure, na miƙa masa wayar ɗan ƙanwata. Ya kalla har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Shi ai tsirkiya yake dannawa, Maigida. Ni ƙarfe mai zafi nake riƙewa, roba narkewa za ta yi." Ya fi ni gaskiya. Amma ka lura, bai ce ba zai iya ba, gardamar kayan aiki ya kama.

Ranar Alhamis muka shiga kasuwar Dole wurin wani tsohon baduku. Damagaram ba ta rasa dukawa ba, sai dai shi ma ya ce tun da yake bai taɓa ɗinka wa yatsa kube ba. Na farko da jar fatar akuya ya yi, ta yi laushi da yawa, kwana biyu tartsatsi ya huda ta. Na biyu da ƙirgi, ya yi tauri, yatsan ba ya lanƙwasuwa. A na uku ya ninka fatar akuyar biyu, ya cusa auduga a ƙasan, ya sa siririn maɗauri da ke zagaya wuyan hannu don kada ya zame. Yaron da kansa ya ce a rage tsawon na tsakiyan, kuma da aka rage sai ya zauna daram.

Bayan babbar sallah ya dawo shago. Ba zan yi maka ƙarya ba, Malam Edita, hannun bai koma yadda yake ba. Ƙaramin noti in ya faɗi ƙasa sai da filaya yake ɗauka, da hunturu kuma dungulmin na yi masa zugi har sai ya ɗumama shi a bakin murhun mai shayi. Amma layin waldarsa ya fi na babban yarona tsabta, don shi yanzu ba ya gaggawa. Na mayar da marfi a kan injinan yanka duka biyu, ina sayen faifai daidai da su ko da ya fi tsada. Manyan yaran suna ƙunƙuni wai marfin na tare musu gani, na ce wanda ya kwance shi ya kwance zamansa a shagon.

Roƙona gare ka shi ne ka turo wakilinka ya zaga shagunan walda da na kafintoci da wuraren injin niƙa, daga Zango har Garin Malam da Sabon Gari. Kada ya tsaya wurin masu gida shan shayi. Ya dubi injina ya ga nawa ne ke da marfi, ya ce yara su buɗe tafin hannu ya ƙirga. In an ce masa wani yaro ya ji ciwo ya bar aiki, ya tambayi maigidan yaushe rabonsa da gidan yaron, ya rubuta amsar yadda ta fito. In ya biyo ta wurina ni ma ya tambaye ni, zan ce masa mako biyar.

Kuben fatar wata biyu yake yi ya cinye, sai mu koma wurin tsohon, wanda yanzu ya ajiye ma'aunin yatsun a cikin gwangwanin alluransa. Baffan yaron kuwa har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata, ban kuma ga laifinsa ba.

Wassalam.

Naka,
Wani mai walda,
Damagaram, Jamhuriyar Nijar