Masu barin tuwo su koma kitse, a fara duba jini

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini don in yi magana kan wani tsarin cin abinci da ya shigo mana ta wayoyin hannu, wanda ake kira paliyo. Ni aikina gwajin jini ne, kuma abin da nake gani a takardun sakamakon wasu masu bin tsarin shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Hujjar masu tsarin ita ce wai jikin ɗan Adam bai saba da abincin gona ba, tunda noma bai wuce shekara 12,000 da farawa ba. Don haka a koma cin abin da mafarautan farko suka ci, wato nama da kifi da ƙwai da ganye da 'ya'yan itace, a bar hatsi da wake da gyaɗa da nono da sukari. Masana biyu a Amurka, Boyd Eaton da Melvin Konner, suka kawo maganar a 1985, sannan Loren Cordain ya yaɗa ta daga 2002. Ban ƙi ta gaba ɗaya ba. Wanda ya bar lemon kwalba da biskit da shayi mai sukari cokali huɗu ya kyauta wa kansa, kuma sau da yawa teɓa tana raguwa, sukarin jini ma ya sauka.

Amma kafin maganar ta iso wurinmu ta zama lasisin cin kitse. Wani ɗan kasuwa ya zo mana gwaji yana murna wandonsa ya yi masa yawa. Ya bar tuwo da fura, ya koma balangu mai maiƙo da dare, farfesun kayan ciki da rana, ƙwai soyayye da man shanu da safe, har man kwakwa yake zubawa a shayi. Ƙiba ta ragu, wannan gaskiya ne. Sai dai kolestarol ɗinsa, wato wani irin kitse da ke cikin jini, nau'in da ake kira LDL, wanda shi ne mai illar, ya haura fiye da inda yake kafin ya fara. Da farko ma cewa ya yi injinmu ne ya lalace.

Abin da ke faruwa a jiki ba ɓoyayye ba ne. Hanta tana yin kolestarol, ita ce kuma ke janye LDL daga jini ta wasu ƙofofi da ke jikin ƙwayoyinta. Kitse mai daskarewa, irin wanda ke sandarewa a kwano lokacin hunturu, yana rage yawan waɗannan ƙofofi. Sai LDL ya daɗe yana yawo a jini, yana shiga bangon jijiyoyi yana taruwa shekara da shekaru, ba ciwo ba zazzaɓi, har ranar da za a ji bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Siririn mutum ma bai tsira ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan kitse ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini. Ga mai cin kalori 2,000, wannan kusan giram 22 ke nan. Babban cokali ɗaya na man kwakwa yana ɗauke da kusan giram 12, biyu kawai sun ƙetare iyaka tun ba a taɓa nama ba. Abin mamakin shi ne tsarin ya hana man gyaɗa, wanda mai daskarewar cikinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, ya kuma rungumi man kwakwa mai sama da kashi 80. Manja yana tsakani, kusan rabi.

Sannan wa ya ce mutanen da can haka suka ci? Duk wanda ya taɓa cin barewa ko zomon daji ya san namansu ba kitse, ba kamar ragon da aka ɗaure ana ɗura masa dusa da kowa har ya kasa tashi ba. Shi kansa Cordain nama marar kitse ya fi jaddadawa. 'Yan ƙabilar Hadza na Tanzaniya, da har yau wasunsu ke rayuwa da farauta, suna cin saiwoyi da zuma da 'ya'yan kuka sosai. A kogon Ngalue na Mozambik kuma an gano ɓurɓushin dawar daji a jikin kayan aikin dutse na kimanin shekara 100,000 da suka wuce. Ashe hatsin ma ba baƙo ba ne.

Na san za a ce ga Fulani nan, nono da man shanu kullum. Haka ne, wani bincike da aka wallafa a 2001 kan makiyayan tsaunukan Jos ya samu kitse da yawa a abincinsu, jininsu kuma lafiya lau. Amma binciken ya nuna abincin da suke ci gaba ɗaya ba shi da yawa, kuma yini suke a ƙafa bayan shanu. Alhajin da ke fita daga mota ya zauna a shago har magariba ba zai ari sakamakon makiyayi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne jefar da wake. Wake da kuɓewa suna da wani irin zare mai narkewa da ke kama ruwan matsarmama a hanji ya fita da shi, sai hanta ta ɗebo kolestarol daga jini ta yi sabo. Ƙosai da alale da ɗanwake abincin talaka ne, ga araha, sai a ce mu bar su mu sayi man kwakwa na kanti.

Mai niyyar bin tsarin ya yi gwajin kitsen jini kafin ya fara, ya maimaita bayan wata uku, ya kai wa likita takardun biyu, kuma ya dubi layin LDL musamman. Kusan mutum 1 cikin 250 yana gadon hauhawar kolestarol daga iyaye, irin wannan kuwa, gyara abinci kaɗai ba ya saukar da shi. Wanda kuma likita ya ɗora kan magani kada ya ajiye shi saboda bidiyon TikTok.

Na gode da wannan fili.

Ma'aikacin ɗakin gwajin jini,
Zariya, Jihar Kaduna