Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Sa Ido a Ƙananan Filayen Jiragen Sama

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum.

Bana ƙarfinmu ya fi tafiya wajen wayar da kan mutanen da ke wuni a bakin filin jirgi: masu zuba mai, makanikai, masu gadi da manoman da ke maƙwabtaka da titin sauka. Ƙaramin fili sau da yawa ba shi da jami'in kwastan na dindindin, ba na'urar binciken kaya, magariba na yi kowa ya watse. Wannan giɓin ne masu safarar ƙwaya, makamai da mutane ke farauta.

A tarukanmu mun kawo labarin Boeing 727 da aka tsinta a ƙone a hamadar arewacin Mali a Nuwamban 2009, wanda ake kyautata zaton hodar iblis ya kwaso daga Kudancin Amurka. Mun kuma ambaci jirgin Falcon 50 da aka tsare a Punta Cana ta Jamhuriyar Dominican a 2013 da akwatuna 26 maƙare da hodar. Amma ƙananan alamu ne suka fi kama hankalin mahalarta: lambar jikin jirgi da aka rufe da salatif, kujerun da aka cire aka jera jarkokin mai a gurbinsu, saukar dare da fitilun mota ke haska titi, matuƙin da ke biyan kuɗin mai a hannu ya ƙi rasit. Mun koya musu cewa farkon lambar ke nuna ƙasar rajista, N ta Amurka, G ta Birtaniya, 5N ta Najeriya.

Inda muka gaza, kuma abin na damuna ƙwarai, shi ne jinkirin kai rahoto. Wani mai gadi ya ga ana sauke buhuna cikin duhu, bakinsa bai buɗe ba sai bayan kwana biyu, don tsoron kada a ce ya yi wa babban mutum ƙazafi. Kafin nan jirgi ya yi nisa, lambarsa ma bai rubuta ba.

Saboda haka baɗi za mu raba ɗan kati na aljihu mai gurbin lambar jirgi, launinsa, lokaci da lambar motar da ta zo tarba. Muna roƙonku kada kowa ya tunkari jirgi ko ya tare matuƙi. Ku rubuta daga nesa, ku kira jami'an tsaro nan take.

Bayanin kuɗi zai zo daga ma'aji ranar babban taro.

Sakataren ƙungiya