Masu sayen laptop na hannu, ku dinga duba lamba

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da iyayen yara da ɗaliban ATBU da na Poly masu zuwa wajenmu a Wunti neman laptop na hannu, musamman ThinkPad ɗin nan baƙa mai jan maɓalli a tsakiyar kibod.

IBM ce ta fara fito da ita a 1992, Lenovo ta China ta saye sashen kwamfutocin IBM a 2005, sunan dai bai canza ba amma kayan ciki sun canza sosai, shi ne mutane ba sa lura. Kowane samfurin ThinkPad da lambarsa: T420 ta 2011 tana da nauyi kam, sai dai batirinta a waje yake, ka zare ka sa wani. A T440 ta 2013 sun cire maɓallan saman tachfad (wurin da ake shafawa da yatsa maimakon maus), mutane suka yi ta ƙorafi har aka maido su a T450.

Wadda nake so ku riƙe ita ce T480 ta 2018. Batiri biyu gare ta, ɗaya a ciki ɗaya a waje, ana ɗauke wuta ka canza na wajen ba tare da ta mutu ba, ga gurbin RAM (ma'ajiyar wucin gadi da ke taimaka wa kwamfuta saurin aiki) guda biyu, yaro ya fara da 8GB in ya samu kuɗi mu ƙara masa cikin minti kaɗan. Daga T490 aka mayar da batiri ciki, aka liƙe wani RAM ɗin a jikin bod (babban allon cikin kwamfuta), ta yi siririya ta yi kyau a ido, to amma wanda ya zana ta wallahi bai san zaman Bauchi a watan Afrilu ba wuta ba. Sai a T14 ta 2024 suka dawo da gurbin RAM biyun.

Kuma kar arha ta ruɗe ku, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, T470 zuwa baya ba sa cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Ko T480 ɗin ma a duba furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) ya zama 8th gen, wato zubi na takwas, don akwai masu zubi na bakwai da Windows 11 ba ta amince da su ba. Ku sa mai shago ya kunna ya nuna muku kafin ku ƙirga kuɗi.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta, Wunti, Bauchi