Kujerar fata da kyanwa ta yakushe tana gyaruwa, a daina zubarwa

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya sanyi, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan ara min fili in yi magana a kan wani abu da na gani satin da ya wuce a bayan layinmu, wanda har yanzu yake damuna. Kujera ce ta fata mai cin mutum ukku aka fitar aka jefar a bola, katakonta garau ba inda ya karye, laifinta kawai kyanwa ta yakushe hannayenta kuma launin ya koɗe, da na tambaya sai aka ce ita ma kyanwar maigidan ya sa yara sun ɗaure ta a buhu sun kai ta can hanyar Jibiya sun yar. Wallahi abun ya taɓa ni, don irin wannan ya taɓa faruwa da ni kuma ban rasa kujerar ba ban rasa kyanwar ba.

Tawa kujerar ta marigayi mahaifinmu ce, mai cin mutum ɗaya, ruwan ƙasa, ta haura shekara 30 a gidanmu, a kanta yake zama da asuba yana sauraren rediyo, da aka yi rabon gado ita na roƙa aka bar min. Na aje ta a falo dab da taga. Sai ɗiyata ta ɗauko 'yar mussa daga gidan kakarta, kafin wata 6 hannun dama duk ya zama zane-zane fatar ta tashi kamar ƙaiƙayi, gefen taga kuma ya yi fari fat. Ranar da na lura da kyau ban iya cin abinci ba.

Abu na farko da na yi kuskure ne, kuma ina faɗa ne don kar wani ya maimaita. Wani ya ce in shafa man gyaɗa, na shafa, kwana biyu ta yi ƙyalli sannan wurin ya yi baƙi, ƙurar hunturu ta manne, tururuwa ta samu hanya, daga baya wani wari ya fara tashi. Gyaran gangar auzinawa kenan. Na kira wani kafinta shi kuma ko taɓawa bai yi ba ya ce a ɓare fatar gaba ɗaya ya sa min leda sabuwa. Na ce a'a.

Wanda ya cece ta wani dattijo ne baduku a cikin gari, masu ɗinka kayan doki na hawan sallah da tum-tum da kuben wuƙa. Da muka sauke ta daga keke napep bai ce komai ba sai ya sa muka kife ta, ya ɗaga ƙyallen ƙasa ya shafa bayan fatar, ya ɗiga ruwa a wani lungu ya tsaya yana kallo, sannan ya ce ɗana wannan fata ce ta gaske, za ta tashi. Na ce Baba ya aka yi ka gane? Ya ce bayan fata gashi-gashi ne mai laushi, bayan leda kuwa yadi ne ko saƙa. Toh Edita nan ne inda nake so masu karatu su tsaya, don mafi yawan abun da ake kawo ma amare a ce kujerun leda, roba ce aka shimfiɗa a kan yadi, ita in ta fara ɓarewa tana zuba kamar ɓawon gyaɗa ba wani mai ko rini da zai dawo da ita, sai dai a canja rufi. Fata ta gaske ita ce ake jinyarta ta warke. Kafin ka kashe ko sisi ka kifa kujerar ka duba.

Kwana 5 ta yi a wurinsa kuma kullum ina zuwa bayan la'asar ina kallo. Ya fara da wanke man gyaɗan nan da tsumma mai ɗan danshi da sabulu mara ƙarfi, kaɗan-kaɗan, ba jiƙawa, ya bar ta ta bushe a inuwa. Sannan ya ɗauki ƙaramin almakashi ya bi duk zaren fatar da farce ya tayar yana datsewa, waɗanda suka ɗago da faɗi kuma ya sa musu gam da tsinke ya kwantar da su ɗaya bayan ɗaya, aikin haƙuri ne sosai, ni da nake kallo ma na gaji. Akwai wuri ɗaya da ya yage har soso ya leƙo, nan ya tura ƙyalle ta ciki ya shimfiɗa a ƙarƙashi ya manne leɓunan yagewar a kai, bai ɗinke ba, ya ce allura sabon rami take buɗewa a tsohuwar fata. Bayan ya bushe ya goga sanfefa mai laushi sosai a hankali har wurin ya daidaita, ramukan da suka rage ya cike su da wani abu mai kauri kamar kullu, shafi siriri, ya bushe, a ƙara wani.

Maganar launi ce ta fi ɗaukar lokaci. Na ɗauka karan dafi zai sa ko kuloko irin na dukanci, sai ya ce waɗannan fatar da aka jeme da bagaruwa ce take shansu, ta kujera kuwa jimar kamfani ce kuma akwai wani rufi a samanta, dole sai rinin kwalba wanda aka yi don fata. Daga Kano muka sa aka kawo. Ya haɗa kala biyu yana gwadawa a bayan kujera inda ba a gani har ya dace, sannan ya riƙa dangwalawa da soso, ba gogawa ba, shafi 4 kowanne sai ya bushe. A ƙarshe ya sa abun rufe rini don kar ya bi tufafi, washegari ya shafa man fata ɗan kaɗan. Ya gargaɗe ni da folish ɗin takalmi, ya ce mutane na sawa su ga ta yi kyau, ranar Juma'a baƙo ya zauna da farar shadda ya tashi da tambari a baya. Haka kananzir da fetur da bilic da omo, duk cinye rufin suke fatar ta tsage.

Gaskiya ba ta koma sabuwa ba, in ka matso ka shafa za ka ji inda aka yi aiki. Amma daga bakin ƙofa kujerar Baba ce kamar yadda na santa.

Koɗewar nan kuma da nake ta ɗora ma kyanwa, ashe rana ce ta taga da bushewar hunturu, irin iskar Katsina da take tsaga ƙafar mutum balle fatar da ba rai. Nata laifin yakushi ne da maiƙon jiki inda take kwanciya. Shi ma yakushin ba mugunta bace, ba a yi kyanwar Lami a gidan kowa ba, farcenta yana yin ɓawo ne dole ta kankare, kuma akwai wani ƙamshi a tafin ƙafarta da take bari a wurin, shi ya sa take komawa wuri ɗaya kullum. Abun da muka yi, mun janye kujerar daga taga mun sa labule mai kauri, na naɗe igiya a jikin wani guntun icce na kafa shi kusa da inda ta saba, muna rage mata tsinin farce duk bayan sati biyu zuwa ukku, tsinin kawai banda jan wurin da ke da jini, da dare kuma a rufe falo. Masu cewa a cire farcen gaba ɗaya su sani yanke ƙashin ƙarshe na yatsa ne, a Ingila ma an hana. Kuma mu da muka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, bai kamata a ga kyanwa a buhu a bakin titi daga gidajenmu ba.

Abun da ya fi ci min rai shi ne dattijon nan ba yaro ko ɗaya a gabansa yana koyo, ya ce aiki sai sallah ta matso. A ƙasar da fatar jan akuyarmu ta Sakkwato ta ratsa Sahara har Turawa suka sa mata sunan Maroko, ga cibiyar koyar da aikin fata a Samarun Zariya, amma kujerar fata in ta lalace a Katsina ba wanda ya san inda zai kai ta. Ina roƙon kafintocin garin nan su riƙa tura irin wannan aikin wurin dukawa maimakon su ce a ɓare, masu horar da matasa sana'a kuma su sa gyaran kujerun fata da na mota a ciki, akwai abinci a wurin.

Waccan ta bolar na je na roƙi mai ita ya ce in ɗauka, yanzu haka tana wurin Baba baduku, ya duba ya ce ita ma fata ce. Kyanwar ce dai yara suka koma nema har sau biyu ba su ganta ba.

Naku mai karatu kullum,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.