Wasiƙa daga Yamai: Hondar Baba da neman moyo

Bukoki, Yamai

Aminina Iliyasu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya sanyin Kano? Mu nan hazo ya rufe gari, da safe in ka hau gadar Kennedy da ƙyar kake hango Harobanda. Inna tana gaishe ka, ta ce a faɗa maka ka yi nauyin ƙafa.

Ka tuna babur ɗin nan, Honda C70 ɗin marigayi Baba, wadda yake kai mu lekol da ita a Tawa, ni a gaba tsakanin gwiwoyinsa, kai a baya kana riƙe da rigarsa? To na ɗauko ta daga zauren gida, inda ta yi shekaru kaji suna kwana a kanta. Inji bai ba ni wahala ba. An wanke karbirato, an gyara platin, an sa batir mai bolt 6, bugu uku ta tashi. Abin da ya hana ni barci wata biyu shi ne moyo, wato cibiyar ƙafa inda wayoyi suke haɗuwa, wanda na ji makanikanku suna kira hob. Na gaba ya tsage, na baya kuma ba ma nata ba ne, wani ya musanya tun tuni.

Na fara da gaggawa, ta kuwa haifar mini da nawa. Na shiga kasuwar Katako neman na gaba, wani ya miƙo mini moyo yana walƙiya, ya rantse na Japan ne. Na ƙirga ramuka, 36 cif, na biya jikka bakwai ina murna. Na kai wa wani dattijo a unguwarmu da ya tsufa a kan ɗaurin waya. Ko juya shi bai yi ba. Ɗan ƙaramin yatsansa ya zura a ramin rulma, wato zoben ƙarfen da ƙafa take juyawa a kansa, ya ce, "Ɗana, wannan na 'yar China ne."

Sai ya zaunar da ni a kan benci. Ya ce ramuka 36 da janti, wato rim, mai inci 17 ba shaida ba ne, domin masu kwaikwayo ma haka suke yi, nan ne mutane suke faɗawa. Aksin gaba na irin tamu, wato sandar da ke ratsa tsakiyar moyo, milimita 10 ne, rulmarsa lamba 6300. Wanda na sayo na milimita 12 ne. Ya ce in dubi farantin birki kuma. Hondar Baba ba ta da dogayen sandunan nan masu nutsewa kamar baburan kabu-kabu na yanzu, 'yan gajerun hannuwa ne a ƙasa suke riƙe da ƙafar, don haka wurin da farantin yake kamawa daban ne. Shi ya sa ma in aka matsa birkin gaba goshinta ɗagawa yake yi sama. Ka tuna yadda kake ihu duk lokacin da Baba ya tsaya a bakin kasuwa? Ashe ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera ta.

Inda na samu na gaskiyar zai ba ka dariya. Can cikin Katako wajen masu narka alminiyam suna zuba tukwane, na tarar da yaro yana juye buhun tarkace kusa da wuta. Cikin fistan-fistan da murafen inji sai ga moyo, toka-toka, baƙin mai ya daskare a jikinsa, guntayen wayoyi uku suna lilo. Da na ƙara minti goma a wajen mai shayi da yanzu wata tana dafa miyar kuka a cikinsa. Dattijon ya wanke da kananzir, ya auna cikin tambur, wato kwanon da birki yake kamawa. Sabo milimita 110 ne, in ya wuce 111 ya gama aiki. Namu bai kai ba. Ban yarda a goge shi har ya yi ƙyalli ba, na fi son shi da launin da na san shi.

Saura na baya, kuma a nan ne nake buƙatarka. In ka samu sarari ka leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa, ka nemi tsofaffin 'yan kasuwa, ba yaran bakin hanya ba. Rulmarsa 6301 ce, yana da ɗakuna huɗu inda robobin da ke tare fizgar sarƙa suke zama. Ka ɗaga shi a rana ka bi ramukan waya ɗaya bayan ɗaya. In sun yi tsawo kamar ƙwayar shinkafa, ko ka ga siririn tsagu tsakanin biyu, ka ajiye masa kayansa. In Allah ya sa ka dace da wanda ke cikin kwalinsa, lambar Honda ta moyon baya da 42601 take farawa. Lambobi ukun da ke biye da ita su ke nuna samfurin da aka fara ƙera shi dominsa: 087 na C70 ne, 041 na C50, kuma su biyun suna aron kayan juna sosai.

Kada ka biya sai ka turo mini hoto ta WhatsApp, ciki da waje. In ya yi, ka ba direban Maraɗi, ƙanina zai karɓa a tasha. Ina so in kai ta Tawa da babbar Salla, Inna ta ji ƙararta a ƙofar gida.

A gaida uwargida da yara.

Naka,
Mamman