Ga masu son ƙera babur ɗin ƙarƙashin ruwa

Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankalin masu sha'awar ƙera babur ɗin lantarki mai jan mutum a ƙarƙashin ruwa.

Yawancinsu inji mai ƙarfi suke fara nema, alhali ba nan gizo ke saƙar ba. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma duk wanda ke son ninka gudu sau biyu sai ya ba da wuta ninki takwas. Don haka inji mara buroshi (wato wanda ba shi da gawayin da ke guga a ciki) mai wat 1000 ya wadatar, muddin an haɗa shi da farfela babba mai juyawa a hankali, a cikin zobe da zai kare yatsu. Ƙaramar farfela mai saurin juyi wuta kawai take sha.

Batir: ƙwayoyin litiyom samfurin 18650 guda 84, jere 14 kowanne da ƙwaya 6, suna ba da bolt 50 da abin da zai riƙe injin ƙasa da awa ɗaya in an sake masa linzami. A sa fiyus da allon kula da caji.

Babban aiki shi ne hana yoyo a bututun da ake sa batir a ciki a rufe bakinsa da murfi. Kowane mita 10 na zurfi yana ƙara matsi kimanin kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita, wato a mita 40 murfi mai faɗin santimita 15 yana ɗauke da kilo 700. A sa zoben roba biyu a kowane murfi, a shafa musu giris na silikon. Silin gashi ɗaya a kan zoben ya isa ya shigo da ruwa. Kada a huda bututun saboda makunni, a yi amfani da maganaɗisu daga waje. Na'urar sarrafa gudu kuwa a manna ta a jikin murfin alminiyom, ruwa ya riƙa kwashe zafinta, in ba haka ba za ta ƙone. Kafin a sa batir, a zuƙe iskar ciki da famfo a duba ko allurar ma'aunin matsi za ta motsa, alamar akwai yoyo, sannan a nutsar da bututun ba komai a ciki. Ruwan gishiri in ya taɓa batirin litiyom, yana iya tada gobara.

A daidaita nauyi da dalma har ya tsaya a tsakiyar ruwa, bai nutse ba, bai taso ba. Kuma lallai injin ya mutu da zarar an saki makunni, domin mai shaƙar iskar tulu da aka fizgo sama fiye da mita 10 a minti yana iya samun mummunan rauni a huhu da jini.

Naku,
Wasu masu sha'awar ƙere-ƙere